Kwalba, gwangwani, kwali ko keg: yadda zaka gane mazubin biya da giyar inabi da kuma awon da ake zubawa

Wannan rubutun na yi shi ne saboda wanda aiki ya kai shi otal ko gidan cin abinci ko sito ko kamfanin shirya biki, aka wayi gari an miƙa masa takardar oda yana ta kallon lambobi 187, 330, 440, 750 bai san kansu ba balle gindinsu. Ba sai kana sha ba kafin ka san wannan, da yawa cikin masu aikin ma ko ɗanɗanawa basa yi, amma in kaya suka lalace a hannunka ko lissafi ya ƙi fita a ƙarshen wata ai kai oga zai kira.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: kafin ka zaɓi mazubi, tambayi kanka cikin kwana nawa za a shanye abin da ke ciki bayan an buɗe. Duk sauran surutun, wai kwalba ta fi daraja, wai gwangwani na ƙananan mutane ne, wai giyar kwali ta masu neman araha ce, daga baya yake zuwa. Maƙiyan kayan nan uku ne, iska da haske da zafi, kowane mazubi kuma akwai wanda yake iya tarewa akwai wanda yake bari ya wuce.

Fara da kwalbar 750, ita ce ma'auni

Kwalbar giyar inabi da kowa ya sani tana cin mililita 750, wato kashi uku cikin huɗu na lita. Turai ta tsayar da wannan awo a dokarta a 1975, Amurka ta biyo a 1979, shi yasa katan mai kwalba 12 yake zama lita 9 cif. Ka haddace wannan don duk sauran da ita ake auna su. Rabin kwalba 375 ne. 'Yar mitsilar nan da ake bayarwa a jirgin sama 187 ce, kwata kenan. Sama da ita kuma akwai magnum mai lita ɗaya da rabi, kwalba biyu a haɗe, sai mai lita 3, daga nan sai manyan da aka laƙaba wa sunayen sarakunan da da mutanen tsoffin littattafai, Methuselah lita 6, Balthazar lita 12, Nebuchadnezzar lita 15 wanda sai mutum biyu sun kama kafin a tsiyaya. Waɗannan manyan gaskiya na burga ne, a wajen biki ake fito da su a ɗau hoto. Amma ka yi hattara da sunan Jeroboam in ka gan shi a takardar oda, a wajen masu shamfen, wato giyar inabi mai kumfa, lita 3 yake nufi, a yankin Bodo na Faransa kuma ya fi haka girma, don haka kar ka yi oda da suna, ka rubuta litar.

Magnum dai ba burga kaɗai ba ce. Iskar da ke tsakanin toshiya da ruwan kusan ɗaya ce da ta ƙaramar kwalba, amma ruwan ninki biyu ne, to sai ya zamana tana tsufa a hankali. Rabin kwalba kuma akasin haka, ta fi saurin tsufa, kar ka cika sito da ita kana cewa ai zata jira.

Yanzu lissafin tambulan. Kwalba ɗaya tana bada tambulan 6 in kana zuba 125, ko 5 in kana zuba 150, ko 4 da ɗan saura in 175 ne, ko 3 kacal in 250 ne. Kaga kenan wanda ya ce a bashi "babban tambulan" sau uku ya shanye kwalba guda shi kaɗai yana ganin kofi uku ne kawai. A Birtaniya doka ta ce giyar inabi a tambulan sai dai a sayar da 125 ko 175 ko ninkinsu, kuma a Ingila da Wales tun 2010 dole mai mashaya ya tanadi ƙaramin awon na 125 ga wanda yake so. Ko ba a can kake aiki ba tsarin yana da kyau, ka nemi ma'aunin ƙarfe ko tambulan mai layi, kar ka yarda da idonka, ido yana ƙari musamman in tambulan ɗin mai faɗin ciki ne, zaka zuba 200 kana rantsuwa 150 ka zuba.

Kwali mai leda a ciki

Nan ne nake so in ɗan daɗe domin shi aka fi rainawa kuma shi ya fi amfani a wurin da ake sayarwa kofi kofi. Wani Ba'amurke William Scholle ne ya ƙirƙiro leda cikin kwali a 1955, kuma ba don abin sha ba, don ɗaukar ruwan batir ne. Sai wani mai yin giyar inabi a kudancin Ostireliya, Thomas Angove, ya ɗauki dabarar ya yi mata rajista a 1965, a lokacin sai ka yanke kusurwar ledar ka zuba sannan ka matse bakin da abin matsewa, ɗan famfon roba da muke gani yanzu a 1967 aka ƙara shi.

Sirrin abin shine ledar tana motsewa yayin da ruwan ke fita, iska bata samun wurin shiga. Kwalba in ka buɗe ta, kwana uku zuwa biyar a firji ta fara canza ɗanɗano tana neman tsami, amma kwali yakan kai sati huɗu zuwa shida bayan buɗewa. Mai lita 3 daidai yake da kwalba 4, tambulan 24 kenan na 125 ko 20 na 150, ga shi ba nauyi, ba fashewa, yana zama daram a kan kanta. In wurinku ana sayar da wata irin giya kofi biyu yau, gobe babu, jibi ɗaya, to kwalba asara kawai zata jawo muku don kullum rabi zaku zubar.

Sai dai yana da nasa aibin kuma mutane basa lura: kwalin da ba a buɗe ba baya daɗewa kamar kwalba. Ledar da famfon suna barin iska 'yar kaɗan tana ratsawa a hankali a hankali, don haka yawanci cikin wata shida zuwa shekara ake so a gama da shi. Duba kwanan watan da ke jiki kafin ka sa hannu ka karɓa, sabon da ya zo ka tura shi baya, tsohon ka jawo shi gaba.

Yadda ake buɗewa: akwai da'ira mai huji huji a ƙasan kwalin, danna ta da babban yatsa ka cire, ɗaga ɗan harshen kwalin da ke sama da ita, sa yatsu biyu ka lalubo famfon ka jawo shi waje, ka zaunar da wuyansa a cikin ramin, ka maida harshen ya riƙe shi, sannan ka ɓare 'yar takardar da ta like bakin. Kar ka kuskura ka sa wuƙa. Ni a satina na farko a aiki gaggawa ta sa na ɗauki wuƙar yanka lemo na caka don huda wurin, ai kuwa sai ji na yi sanyi na bin hannun rigata, lita uku na jar giya ta bi kanta ta sauka kan takalmina, ina toshe hujin da yatsa tana fita ta gefe, farar rigar aiki kuwa daga ranar ta zama tsumman goge ƙasa. In ya kusa ƙarewa kuma famfon ya fara ɗiga da kyar, karkata kwalin gaba, ko ka fito da ledar gaba ɗaya ka matse, yawanci akwai kusan kofi guda da ke maƙalewa a kusurwa. Kuma ka rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalin da alƙalamin maka, ko waye ya karɓe ka aiki zai gani.

Akwai kuma ɗan kwalin Tetra Pak irin na madara da jus, mai rabin lita ko lita ɗaya. Shi ba ruwansa da dabarar motsewa, da ka buɗe iska ta shiga, ka ɗauke shi kamar kwalba.

Gwangwani

A biya gwangwani ba baƙo bane, tun Janairun 1935 kamfanin Krueger ya fara sayar da shi a garin Richmond na jihar Bajiniya a Amurka. In maganar kare abin da ke ciki ake, ni a ganina gwangwani ya fi kwalba, haske baya shiga ko kaɗan, bakin a like yake ruf, yana saurin yin sanyi, kuma baya cin wuri. Maganar wai yana sa ɗanɗanon ƙarfe, ai cikinsa a shafe yake da wani siririn rufi, ruwan baya taɓa alminiyom ɗin, abin da mutum ke ji ƙamshin murfin ne da hancinsa ke gogawa in ya kafa kai. Juye a tambulan shikenan magana ta ƙare.

Inda ake ruɗewa shine girma, don kowace ƙasa da nata. Turai 330 da 500, Amurka 355 da 473, Birtaniya ta fi son 440, Ostireliya 375, Japan 350 da 500. In kana kwatanta farashin kaya biyu kar ka kwatanta gwangwani da gwangwani, raba kuɗin da mililita ka ga nawa lita take kamawa, sau da yawa wanda ya yi kama da araha ƙarami ne kawai.

Giyar inabi a gwangwani kuwa sabon yayi ce, galibi 187 ko 250 ko 375. Ta dace da wurin da aka hana shiga da kwalba, bakin wurin wanka, filin wasa, taron kiɗa. Amma abu biyu. Na farko bata ajiyuwa, sinadarin salfa da ake sa wa giyar inabi don kar ta lalace in ya samu ya kai ga alminiyom yakan haifar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, don haka ka saya daidai wanda zai fita cikin 'yan watanni. Na biyu, gwangwanin 375 a ido kamar na lemo yake, alhali rabin kwalba ne cur, mutum zai kwankwaɗe shi kamar biya bai san ƙarfinsa ya ninka na biya fiye da sau biyu ba. In kai ne mai miƙawa, faɗa masa.

Kwalbar biya da launinta

Wannan gajere ne amma yana ceton kaya. Akwai wani fure mai ɗaci da ake sa wa biya, hop, in haske ya bugi sinadarinsa sai ya juye ya bada wani wari mai hawa kai, kuma ba kwanaki yake ɗauka ba, a rana tsaka 'yan mintuna sun isa. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare mafi yawan hasken, koriya kaɗan take tarewa, fara kuwa kusan babu. To koriya da fara kar su kwana kusa da taga ko ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, ka barsu cikin katan ɗinsu har lokacin sa wa a firji. Kuma biya a tsaye ake ajiye ta. Giyar inabi mai toshiyar ɓawon itace ita ce ake kwantarwa don kar toshiyar ta bushe ta motse, mai murfin murɗawa kuwa ko yaya ka ajiye ta daidai ne. Murfin murɗawan nan ma kar ka ɗauka alamar kayan banza ce, masu giyar kwarin Clare a Ostireliya da gangan suka koma kansa a 2000, na New Zealand suka bi su a 2001, saboda sun gaji da toshiyar da ke sa wa giya warin jiƙaƙƙen kwali.

Keg, wato tulun ƙarfe mai famfo

In wurinku ana sha da yawa, nan ribar take, nan kuma asarar take in ba a iya ba. A Turai keg yana zuwa lita 20, 30 da 50. A Amurka babban nasu lita 58 da 'yan kai ne, ƙaramin siririn kuma wajen 19 da rabi. Mai lita 50 a takarda yana bada kofi 100 na rabin lita, ko fayint 88 na Birtaniya, wato kofinsu mai mililita 568, amma kar ka yi wa oga alkawarin wannan adadin, kumfa da wankin tiyo da kofin farko da ake zubarwa duk suna cin nasu.

Ka'idojin da zaka kiyaye ba yawa. Keg in ya sauka daga mota a barshi ya huta ya yi sanyi kamar kwana guda kafin a jona, in ka jona shi da zafinsa kumfa zalla zaka ta tara. Kan da ake jonawa ba iri ɗaya bane, kamfani kamfani da nasa, ka tabbatar naku ya dace kafin motar ta tafi. Silindar gas ɗin da ke turo biya daga keg a ɗaure ta da sarƙa a tsaye, kuma ɗakin ya zama mai shan iska don gas ɗin nan baya wari baya launi, in ya zuba a rufaffen ɗaki yana iya kashe mutum, wannan ba wasa bane. Tiyo kuma a wanke shi duk sati ko aƙalla duk sati biyu. Keg da ke kan gas cikin sanyi yakan yi makonni lafiya, amma wanda aka jona wa famfon hannu irin na biki, mai tura iskar waje ciki, a ranar ake gamawa da shi, gobe ya yi lami. Gangar gargajiya ta Ingila ma haka take, mai fayint 72, da an huda ta kwana uku ne.

Wajen zubawa, karkata tambulan, buɗe famfon gaba ɗaya lokaci guda, kar ka buɗe rabi rabi don shi ke kawo kumfa, in ya wuce rabi ka miƙar da shi, ka bar kumfa kamar faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu, bakin famfon kuma kar ya nutse cikin ruwan.

Don ƙaramin taro akwai ɗan keg mai lita 5. Akwai na roba mai leda a ciki irin KeyKeg wanda ba a maidawa kamfani, har giyar inabi ake sawa a ciki yanzu, lita 20 kusan kwalba 27 kenan ba tare da ka buɗe toshiya ko ɗaya ba. Sai kuma tulun gilashi da Amurkawa ke zuwa da shi a cika musu daga famfo su tafi gida, lita 1.9, wannan da an buɗe a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu.

Fayint ba ɗaya bane, kofi ma haka

Fayint na Birtaniya 568 ne, na Amurka 473, bambancin kusan mililita 95, ba kaɗan bane in ka ninka shi sau ɗari a dare ɗaya. A Birtaniya ana sayar da biya ta famfo a fayint, rabi 284, sulusi 189, sannan tun 2011 aka halatta kashi biyu cikin uku, 379, wanda ya dace da biya mai ƙarfi. A Jamus kuwa tambulan da kansa yana da layi da lamba a jiki, ruwan ne zai kai layin, kumfa a samansa take. A bikin Oktoberfest na Munik lita guda ake dankara wa mutum a ƙaton kofi mai hannu, a Kolon kuma 'yar siririyar tambulan ce mai 200 don a shanye tun da sanyinta, mai rabawa yana zagayawa yana musanya maka da cikakkiya ba tare da ka tambaya ba, yana jan layi da fensir a jikin 'yar takardar da ake ɗora kofi, sai ka ɗora takardar a bakin tambulan sannan zai daina.

Duk wannan bambancin lissafi ɗaya ne yake warware shi. Ɗauki mililita, ninka da kason barasa da aka rubuta a jiki, raba da 1000. Abin da ya fito shine awon da Birtaniya ke amfani da shi, kowane ɗaya mililita 10 na zallar barasa. Gwada ka gani: kwalbar biya 330 mai kashi 4.5 ta bada kusan 1.5. Fayint 568 mai kashi 5 ya bada 2.8. Gwangwanin 440 mai kashi 8 ya bada 3.5. Tambulan 250 na giyar inabi mai kashi 14 shi ma 3.5, ya fi fayint ɗin nan kenan duk da a ido bai kai rabinsa ba. Kwalbar 750 mai kashi 13 kusan 10. Amurka tana ƙirga nata awon da giram 14 na zallar barasa, Ostireliya giram 10, amma hanyar ɗaya ce. Amfaninsa gare ka shine ka san wanda ya kamata a daina ƙara wa, ka kuma san cewa biya mai ƙarfi a ƙaramin kofi ake bada ita.

In an baka taro ka shirya

Ce mutum 100 ne zasu sha giyar inabi, an ƙiyasta kowa tambulan biyu na 125. Lita 25 kenan, kwalba 34 ko kwali 9 na lita 3, ka ɗan ƙara wani abu a kai saboda zubewa. In masu taron basa son ganin kwali a kan tebur, juye a jug ɗin gilashi a bayan fage ka fito da shi, amma kar ka juye a kwalbar wani kamfani daban, wannan yaudara ce kuma tana iya jawo wa wurin aikinku hukunci. Ga biya, in masu sha basu kai su ƙarar da keg a ranar ba ka tsaya kan gwangwani, wanda ya rage ya koma sito lafiya lau. Shamfen da duk mai kumfa kuwa sai kwalbarta mai kauri, matsin da ke cikinta ya kai ninki biyar zuwa shida na iskar waje, leda bata iya riƙe shi. In zaka buɗe ta, yatsanka na kan toshiyar tun daga lokacin da ka fara kwance wayar, ka juya bakin nesa da fuskar mutane, ka riƙe toshiyar gam ka murɗa kwalbar a hankali har ta saki da ɗan huci.